Ranar da Gwaggo Ta Yi Guɗa a Ɗakin Gwaji

A shekarata ta uku a Guangzhou, ina karatun digirin dakta a kan ciwon daji, Gwaggo ta zo sarin kaya kamar yadda ta saba. Ƙanwar babana ce, wandunan jins da kayan yara take sayarwa a Kano. Duk zuwanta a Dengfeng take sauka, gidan wata ƙawarta 'yar Kumasi mai tura kaya, ni kuwa ina can Panyu kusa da makaranta. Ranar Asabar nakan hau jirgin ƙarƙashin ƙasa in same ta, mu wuce Xintang, garin masu ɗinkin jins, in yi mata tafinta, ko da yake ba ta cika buƙatata ba. Da "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu, da kalkuleta take gama cinikinta, ni riƙon jaka ne nawa.

Wata Asabar muna zaune a wani wurin ɗinki, muna jiran a kawo mata samfur, kekuna sun cika mana kunne, sai ta juyo ta ce, "Ke 'yar nan, wai me kike yi ne a makarantar nan? Babanki ya ce ciwon kansa kike karanta, amma ba kya duba marasa lafiya."

Na yi mamaki. Shekara biyar ke nan da aka cire mata nono ɗaya, ta sha magani ta warke, tun daga lokacin kuma ba ta yarda a yi zancen ciwon a gabanta.

Na ce, "Gwaggo, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da wani dogon zare, a kansa aka rubuta duk umarnin da take aiki da shi. Amma ba duka ake karantawa lokaci guda ba. Akwai wasu furotin da aikinsu su hau kan zaren su ce a karanta nan, a bar can. Wanda nake bincike a kai shi ke ba da umarnin ƙwaya ta girma ta rabu biyu. A lafiyayyen jiki yakan hau ya gama ya sauka. A ciwon daji sai ya yi yawa, ya ƙi sauka. Ya kunna umarnin rabuwa, ya kunna na zuƙar sukari, ya danne wanda zai ce a dakata. Haka ƙari ke tasowa."

Ta nuna wani mutum mai jar hula da ke zagaya teloli. "Kamar wancan? Tun zuwanmu ko aljihu bai ɗinka ba, amma shi ke cewa a yanka."

"Kusan haka."

"To ai korarsa za a yi."

Na gaya mata korar ce da wuya. Furotin ɗin ba shi da wurin da magani zai kama shi da kyau, lafiyayyun ƙwayoyi ma suna buƙatarsa. Shi ya sa nake neman wani abokin aikinsa da nake zargin shi ke taimaka masa ya zauna daram a kan zaren. Wata takwas ina ƙoƙarin toshe bakin abokin nan, abin yana ƙin ci.

Ta ce, "Ina so in ga ƙwayoyin nan."

Shugabar ɗakin gwajinmu 'yar ƙaramar mace ce mai saurin magana, ba ta son baƙi. Da na ba ta labarin Gwaggo sai ta ce ta zo ranar Laraba. Ranar kuwa ta yi daidai da buɗe farantaina. Kwana goma sha biyu ƙwayoyin kansar nono suna girma a cikinsu a akwatin ɗumi, rabi na bar su yadda suke, rabi na toshe musu abokin aikin.

Gwaggo ta zo da leshinta mai ruwan zinare, muka ɗora mata farar riga a kai, hannun rigar ya ƙi wuce awarwaronta sai da ta cire. Na fara kai ta kan madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta daɗe da ido a kai.

"Su ne waɗannan? Kamar ƙwan kifi?"

"Su ne, Gwaggo."

"Ikon Allah. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne suka kwantar da ni shekara guda." Ta ɗago tana dariya, idonta ya ɗan kawo ruwa. "Ashe ma ba su da kwarjini."

Daga nan na zuba wa farantan shuɗin rini, muka jira, na ɗauraye su a famfo. Duk inda ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama tsibi, sai wurin ya fito ɗigo mai duhu. Na jera su, su shida, a kan farar takarda. Ukun farko sun cika da ɗigo kamar an watsa gero. Ukun da na toshe kuwa kusan wayam. Gwaggo ta sunkuya ta ƙirga na ɗaya da yatsa, ba ta kai ashirin ba suka ƙare.

Abokiyar aikina, wata 'yar Sichuan da muke raba tebur, ta dafa kafaɗata tana tsalle. Shugaba ta zo ta ɗaga faranti ta kalli fitila da shi, ta ce, "Hawo," wato ya yi kyau, kalmar da ban taɓa ji daga bakinta a kan aikina ba. Gwaggo ba ta jira fassara ba. Ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa, har 'yan ɗakin da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo suna tambayar ko ƙararrawar gobara ce.

Da hayaniya ta lafa Gwaggo ta ja ni gefe. "Ke nan an sami magani?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. Abu ɗaya kawai muka gano, shi ma a faranti. Sai na maimaita, sai an gwada a ɓeraye, kuma yana iya tsayawa a nan. Ko zai kai ga mutane, shekaru ne."

"To madalla. Ki maimaita ɗin. Amma yau a ci abinci."

Mu tara ta kwasa zuwa wani ƙaramin gidan abinci na wata Bazabarma a Dengfeng, har da shugaba. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da farfesun kayan ciki. 'Yar Sichuan ta yi ta fama da tuwo da tsinken cin abinci, yana zamewa, sai da Gwaggo ta kama hannunta ta nuna mata yadda ake yin loma. Yajin kuwa ta ce bai kai na garinsu ba, Gwaggo ta sa aka ƙaro. Ita da shugaba suka zauna gefe guda, ba mai jin yaren wata, suna nuna wa juna hotunan 'ya'ya da jikoki a waya.

Na maimaita gwajin sau uku bayan ta koma gida. Biyu sun fito kamar na farko, ɗaya ƙwayoyin cuta suka shiga suka ɓata shi. Da na kira ta in gaya mata, tana tsakiyar shago, ina jin mai saye yana neman ragi. Ta ce masa ya dakata tana magana da China, sannan ta ce da ni in faɗi a hankali, daga farko.