Faifan Iyatu

Shekara shida ina wanki da guga a wani otal kusa da Harami, kuma duk alhajin garinmu da ya zo Madina ni ke kai shi sayen tsaraba. Na san dabinon ajwa, na san turare mai kyau, ko dai haka nake gaya musu. Larabcina bai wuce na tambayar farashi ba, amma da ƙarfi nake yin sa.

Da hutuna ya matso, na ce Inna ta fi ƙarfin carbi da darduma irin na kowa, sai abin da hannun Larabawa ya saƙa. Aka kwatanta min wata tsohuwa a unguwar Bani Harisa mai saƙa da ganyen dabino.

Na same ta zaune a ƙofar gida cikin baƙar abaya, kwanduna da faya-fayi kewaye da ita. Na gyara tsayuwa na yi ta zuba mata Larabci. Sai da na gama tsaf ta ɗago kai.

"Ɗan nan, yi Hausa mu huta, ni da kai."

Sunanta Iyatu. A Khaibar aka haife ta. Kakanta ya taso daga ƙasar Gobir da ƙafa shi da matarsa, suka yi shekara tara a hanya, suka sauke farali, ya kama aikin gonar dabino bai koma ba. Matar nan ce ta koya wa Iyatu saƙa, kullum tana mitar cewa ganyen dabino bai kai kaba ba. Iyatu ba ta taɓa ganin kaba ba. Da saƙar ta raini 'ya'ya biyar bayan mijinta ya rasu. Duk suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsa mata.

Na zaɓi faifai mai jan baki. A gida na miƙa wa Inna a gaban maƙwabta, na ce aikin Larabawa ne. Ta juya shi, ta bi bakin da yatsa.

"Muhyiddeen, Balarabiyar nan taka Bagobira ce. Kuma ta saki hannu wajen rufe baki."

Dole na faɗi gaskiya, maƙwabta suka sha dariya. Ranar komawata Inna ta cire rigunana biyu daga jaka, ta cusa damin kaba da faifan da ta saƙa da kanta.

Da na kai wa Iyatu, ta daɗe tana shinshina kabar, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Can ta jawo faifan Inna ta ɗaga shi a rana.

"Tana da hannu, ma sha Allah. Amma ka ce mata rinin nan zai zuba."

Na isar da saƙon ta waya. Inna ta ce in koma in tambaye ta wa ya koya mata rini. Juma'a mai zuwa zan je.