Babban Yatsan Bhurelal

Bhurelal bai iya karatu ba, amma shekara talatin yana buga sunan Sarkin Delhi a kan rupi, kuɗin azurfa na masarautar Devalgarh. Hatimin ƙarfe a hagu, guduma a dama, bugu ɗaya tak. Hatimin ya fi ƙwayar azurfar faɗi, don haka rabin rubutun ne kawai ke hawa, kuma ba wanda ya taɓa damuwa.

Sai Delhi ta faɗa hannun Turawa. Gawarwakin waɗanda aka rataye ba su gama bushewa a kan itatuwan hanya ba, wakilin Turawa ya aiko cewa a sa sunan Sarauniyarsu. Uwar Raja mai mulkin Devalgarh kuwa, wadda daga Delhi kakanninta suka samo sarauta, ta rantse za ta sare hannun duk wanda ya cire tsohon sunan.

Raja, jarumin da ko kyanwa ba ya iya kora, ya sa aka sassaƙa hatimi mai suna biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

"Ka gane, Bhure?" in ji Daroga Hukumchand, shugaban maƙerar kuɗin. "Ka tura azurfar sama, na Bature ke nan. Ka ja ta ƙasa, na tsohuwa."

"Daroga-ji, in na rikice fa?"

"Ai hannu biyu gare ka."

Wata takwas dabarar tana ci. Ran nan tsohuwa ta iso a cikin darbukarta mai labule da ake ɗaukar ta a ciki, don ta ga aiki da idonta, ga Bature ya riga ta zama a kujera, yana ta zufa.

"Buga mu gani," in ji Baturen.

"Buga, ɗana," ta ce daga bayan labule. Dogarinta ya gyara riƙon takobi.

Bhurelal ya dubi Daroga. Daroga ya duƙufa kallon rufin ɗaki. In ya tura sama, takobin tsohuwa. In ya ja ƙasa, igiyar Bature. Ya ɗaga guduma, ya rufe ido, ya sauke ta da dukkan ƙarfinsa a kan babban yatsansa na hagu.

Jini ya fantsama har kan takalmin Bature, Baturen ya fita yana amai. Tsohuwa ta ce jini a kan azurfa mugun abu ne, a ɗauki darbukarta a fita da ita.

Da yamma matarsa Kesar tana ɗaure dungulmin da kurkum, tana masifa.

"Wawa! Da me za ka riƙe hatimi yanzu?"

"Da hannun Daroga," ya ce. "Miƙo roti, yunwa nake ji."