Ƙararrawa Ɗaya a Gindin Tsamiya: Ta'aziyyar Malam Gide Mai Keke

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, 'yan bindiga suka kashe Malam Gide Mai Keke a gindin tsamiyar ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu. Mun yi mashi sallah bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa a gabas da gari, inda ake hango hanyar da ya yi shekara arba'in yana bi.

Baba, ni ba mai ilimi ba ne, a aji huɗu na firamare na tsaya. Amma ni kaɗai na ga abin da ya faru tun daga farkonsa, don haka ni ya kamata in rubuta.

Shekara shida ke nan da na san ka. Ina sayo kifi wurin masunta a dam, in ɗaura kwando a bayan tsohon kekena in kai gari. Akwai wani dogon tudu tsakanin duwatsu da muke kira Tudun Maje, kullum a nan nake sauka in tura. Wata safiya ina turawa, gumi ya jiƙe mani riga, sai ka zo ka wuce ni a zaune kan keken tserenka mai lanƙwasasshen kai da siraran tayoyi, ko haki ba ka yi. Ka waiwayo ka ce, "Samari, kai ka hau keken ko shi ya hau ka?" Na ji haushi. Da na iso saman tudu na tarar kana jira na da sifana a hannu. Ka ɗaga mani sirdi da faɗin yatsu ukku, ka ce gwiwata ce ke aikin da ya kamata cinya ta yi. Ka ce in daina kallon ƙarshen tudu, in kalli tayar gaba, in riƙa shaƙar iska sau ɗaya a kowane juyin feda biyu. Sai da na yi wata biyu kafin in haye tudun nan ban sauka ba. Ranar ka saya mani ƙosai, ka cinye rabi.

Da ƙuruciyarka ka yi tseren keke har Funtua da Katsina. Da girma ya zo ka buɗe rumfar gyara a tasha, amma ba ka bar hawa ba. Kowace safiya bayan asuba sai ka zagaya dam, ka ratsa dajin da ya yi wajen Sabuwa, ka fito ta hanyar Ruwan Godiya, ka dawo. Mutane na cewa Gide ba inda za shi, wahala kawai yake nema. 'Yan makarantar da ka yi wa faci kyauta ba su ƙirguwa. In ka ga yaro da keke babu birki, sai ka kama keken ka kulle a rumfa, ba ka sakinsa sai ka gyara, ko uban yaron zai zo ya yi ta faɗa.

Sai daji ya lalace. Aka fara tare hanya, ana kwashe mutane a gona. Ƙarar babur ta zama abin da ke sa mata su goya 'ya'ya su ruga. Keke kuwa ba ya ƙara. A nan ne yawon da ake yi maka dariya a kansa ya zama idon gari. Kai ka je wurin Mai Unguwa da kanka ka ce tunda dai za ka zagaya ko an so ko ba a so ba, to kowa ya jira ka dawo kafin ya fita. In ka iso gindin tsamiyar da ke bayan makaranta ka buga ƙararrawa sau biyu, hanya lafiya, masu gona da masu kasuwa su fito. In sau ɗaya ka buga, kowa ya bi ta bayan gari ya hau dutse. Shekara ukku muna rayuwa a kan wannan. Kowace Juma'a kana kwance ƙararrawar nan, ka wanke ta da kananzir, ka ɗiga mata man keken ɗinki. Na taɓa ce maka, "Baba, ko sarƙa ba ka lallaɓawa haka." Ka ce, "Sarƙa ni kaɗai take ɗauka, Rabo."

Da na fara raka ka, ka kafa mani doka guda: kada in bi ka a gindi. In bar tudu ɗaya tsakaninmu; sai ka haye na gaba, sannan in gangara na baya. Ka ce in an kama ɗaya, a samu wanda ya gani. Na ɗauka tsoron tsufa ne.

Ranar Talatar nan mun zagaya lafiya. Mun wuce dajin, mun ga sawun shanu amma na jiya ne. Ruwan dam ya cika har ya taɓa ciyawar bakin hanya. Ka gangara Tudun Maje, ni kuwa na tsaya a samansa ina jira ka wuce kwalbatin da ke ƙasa, daf da gari. Kana isa 'yan bindigar suka fito daga cikin masara. Na ƙirga takwas, baburansu suna kwance a ƙarƙashin kwalbatin. Sun shigo tun kafin mu fita, sun bar mu mun wuce, don ba mu suke so ba. Wani ya faɗa masu labarin ƙararrawa, amma bai faɗa masu duka ba.

Na jawo kekena bayan wani dutse na kwanta. Ina ganin komai, ba na jin magana. Ɗaya ya mare ka, hularka ta faɗi. Ka duƙa ka ɗauka, ka kakkaɓe, ka mayar. Suka nuna maka tsamiya da bakin bindiga. Ka hau keken, ka tuƙa a hankali kamar kullum, su kuma suna bin ka ta cikin masara dama da hagu. A lokacin mutum sun fi saba'in a bayan katangar makaranta, da amalanke da lauje da buhuna, har da masu goyo, suna jiran ka.

Ka isa gindin tsamiya, ka sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ka buga sau ɗaya. Ka sauke hannunka daga kan keken ka ɗora a cinya.

Wallahi Baba, ni da na san dokar, sai da na samu kaina ina jiran ta biyu. An faɗa mani a bayan katanga ma an yi gardama. Wani ya ce ƙila ƙararrawar ce ta ƙage, a leƙa a gani. Hajiya Baraka mai tuwo, wadda ta riga ta ɗora ƙafa a amalanke, ta sauko ta ce, "Ƙararrawar Gide ba ta ƙagewa. Ku ɗauki yaranku." Suka sulale ta bayan gari, ko tukunya ba wanda ya tsaya ɗauka.

Su kuwa na cikin masara sun ji ƙara, sun gamsu, suna jiran mutane su fito. Kana nan a tsaye, inuwar tsamiya ta janye daga kanka, ba ka motsa ba. Ka san kowane minti da suka ɓata, wata tsohuwa ta ƙara nisa. Sai da babbansu ya fito fili ya leƙa katanga ya ga wayam, sannan ya gane. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba, saboda iyalinka za su karanta. Sun shiga gari sun ƙone rumbu huɗu, sun kora awaki. Mutum ko ɗaya ba su samu ba.

Ni dai ina kwance a bayan dutse. Na ga hanyar da suka bi, na hau keke na kai labari Faskari, kamar yadda ka ce. Amma kwana ukku na kasa shiga gidanka. Da na shiga, na durƙusa gaban matarka Inna Fatsuma na ce ta yafe mani, ina kallo ban yi komai ba. Ta ce, "Me ya ce ka yi?" Na ce in gani. Ta ce, "To ka gani. Tashi ka sha ruwa."

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya taka gonakin bayan dam. Masara ta bushe a tsaye, birai sun fara sauko mata daga dutse, kuma ita ce abincin shekara na garin nan gaba ɗaya. Kowace safiya mutane na taruwa a bayan katanga don sabo, su tsaya, su watse. Kekenka sun bar shi, sun take tayar gaba ta lanƙwashe. Na miƙar da ita a rumfarka da kayan aikinka. Mun zauna da Mai Unguwa mun sake alamar, ba zan rubuta sabuwar a nan ba. Salahuddeen, babban ɗanka, ya ce shi zai riƙa tsayawa tudu ɗaya a bayana. Na ce ya tambayi mahaifiyarsa. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Jiya Juma'a dai ta aiko mani da ƙararrawar a cikin tsumma, an wanke ta, tana ƙanshin man keken ɗinki. Gobe bayan asuba, in Allah Ya kai mu, zan fita. Ina jin tsoro, Baba, ba zan ɓoye maka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Fatsuma, da Salahuddeen, da Khadijatu da Shafa'atu, da jikokinka, da duk wanda ya tsaya a bayan katangar nan ranar Talata. Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce masaukinka. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. In tawa ranar ta zo a gindin tsamiyar nan, Allah Ya tsayar mani da yatsa kamar yadda Ya tsayar da naka. Amin.

Rabo Mai Kifi