Armaya'u, Mai Ɗaukar Muryar Tsofaffi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 8 ga Yuli, 2025, bayan la'asar, Malam Armaya'u Yero ya rasu a gidansa da ke Batsari, bayan jinyar mako uku. Duk wanda na faɗa wa sai ya tambaya, "A hanya ne?" In ce a'a, a kan gadonsa. Sai mutum ya yi ajiyar zuciya. Nan zamani ya kai mu.

Armaya'u, shekara goma sha ɗaya muna koyarwa tare a firamare a Safana. Da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa gari da kaya a ka saboda 'yan bindiga, ka ce tsofaffin nan za su tafi da abin da ke kansu. Ka sayi tsohuwar laftof, ka sa mata manhajar ɗaukar murya, ka riƙa bin su kana tambaya: wa ya haƙa rijiya kaza, ina gonar wane ta tsaya.

Manhajar nan ta wahalar da kai. Batirin laftof ɗin ya mutu, don haka wuta na ɗaukewa aikin ya tafi. Ka matso da makirufo, murya ta fashe. Ka janye, ba a ji. Ranar da ka je wajen Runka gun Baba Ɗanjuma, dattijon da ya san iyakar kowace gona, ya yi awa biyu yana magana. Ka dawo ka kunna mana, babu komai sai gurnanin fankar laftof. Ashe manhajar ba ta kama makirufon da ka jona ba.

Na ce ka haƙura, hanyar ba ta biyuwa sau biyu. Washegari ka ari janareta, ka hau babur. Ka ce da Baba ya gan ka sai ya ce, "Ɗana, abin naka kurma ne?" Ya gyara zama, ya maimaita daga farko. Bai kai kaka ba ya rasu. Bara, da 'ya'yan wa da ƙane suka kusa zubar da jini a kan iyakar gona, muryarsa aka kunna gaban mai unguwa, kowa ya koma gefensa.

Bayan addu'ar uku, matarka Sadiqa ta miƙo mini laftof ɗin. Ta ce, "Malam Surajo, ka nemo wa yara muryar babansu." Kwana huɗu ina nema. Rabin aikin ba ka fitar da shi yadda waya za ta kunna ba, ni kuma ban iya ba. Wanda na buɗe, duk ka yanke tambayoyinka, ka bar tsofaffin kaɗai. Wuri ɗaya na samu ka manta, inda kake cewa, "To, Inna, sha ruwa, ba sauri muke ba." Shi na kai mata. Ta saurara sau ɗaya, ta ce ya isa.

Na gaji da rubuta irin wannan, Armaya'u. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Sadiqa da 'ya'yanka Mahfuza da Zaharaddeen haƙurin rashinka, da mu da ka bari. Amin.