Zoben Farfelar Sati Bako

Duk wanda ya taɓa kai fanka gyara a bayan layin PZ a Zariya tsakanin 2001 da 2008 ya san Sati Bako, ko da bai riƙe sunan ba. Dogo ne, siriri, kuma ba ya zama. Akwai benci a shagonsa, amma na masu jira ne. Shi a tsaye yake naɗa waya, a tsaye yake cin abinci, in hira ta yi tsawo sai ya hau zagaya teburinsa yana ɗaga wannan yana ajiye wancan.

Mutumin Kwoi ne. Ya zo Zariya bayan ya gama makarantar koyon sana'a, ya kama ɗaki biyu a Samaru, a wani gida da rabin mazaunansa ɗaliban jami'a ne. Nan yake da matarsa Susanna, malamar firamare, da 'yarsu Clara.

Yana da wa, Henry, soja. An tura Henry aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, ya dawo a 1999 babu hannun dama. Ba harsashi ba ne. Buhunan shinkafa suke saukewa daga jirgi mai saukar ungulu, inji yana kunne, ƙara ta cika kunne, sai ya zagaya ta baya don ya rage hanya. Ƙaramar farfelar nan ta wutsiya, in tana gudu, ido ba ya ganinta. Bayan an sallame shi ya zauna a Basawa, ya daina zancen gaba ɗaya.

Sati ne zancen ya ƙi bari. Fankar tebur da ake saya a kasuwa ma tana da keji don kada yaro ya sa yatsa. To me ya sa abin da zai iya raba mutum da hannunsa yake juyi a fili? Ya yi ta tambaya har wata rana a 2002 wani makanikin jirgin sama ya kawo masa fankar sama gyara. Sati ya tare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, wai mene amfanin ƙaramar farfelar nan ta baya?"

Mutumin ya ce babbar ta sama in ta juya dama, jikin jirgin sai ya nemi juyawa hagu. Ƙaramar ce ke tura wutsiya ta riƙe shi. Ba ita, jirgin sai ya yi ta katantanwa har ya faɗi.

"To a rufe ta mana."

"Akwai waɗanda aka rufe," in ji mutumin. Da ya zo karɓar fankarsa, ya kawo masa shafin wata mujalla: jirgi ne da farfelarsa a cikin rami zagayayye a jikin wutsiya, fukafukai ƙanana da yawa, kamar an dasa fanka a bango.

Hoton bai kwantar masa da hankali ba, ƙara tayar masa da shi ya yi. In akwai wannan, me ya hana a yi wa duka? Ya ce lallai akwai abin da rufin yake cinyewa, kuma sai ya gano shi da hannunsa.

Ya sami injin wata tsohuwar fankar masana'anta, ya ɗaure shi a katako mai tayoyin keken yara, ya ƙulla katakon da sikelin mahauta a jikin bishiyar tsakar gida. In farfela ta tura iska, katakon ya ja, sikeli ya nuna ƙarfin. Ba rufi, allura ta tsaya a kilo huɗu. Ya yanka bakin ganga ya kewaye farfelar da shi. Allura ta sauko uku da rabi.

Wata uku yana fama da wannan rabin kilon. Ya canza fukafukai, ya ƙara su daga uku zuwa takwas, ya rage musu tsawo. A coci ranar Lahadi ana wa'azi, shi idonsa na kan fankar sama yana lissafi. Susanna ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Baban Clara, an ce a tashi a yi addu'a."

Ya miƙe, amma takardar waƙoƙin da ke hannunsa duk zanen da'ira ne.

Hayaƙi ne ya nuna masa. Ya kunna tsumma ya riƙe a gaban gangar, sai ya ga hayaƙin yana karo da kaifin bakin ƙarfen, yana murɗewa, ba ya shiga sumul. Ya kuma ga wani yana kuɓucewa ta tsakanin bakin fukafuki da jikin gangar yana komawa baya. Ashe abu biyu ne: bakin zoben dole ya zama mai lanƙwasa kamar leɓen tulu, kuma ratar da ke tsakanin fukafuki da zobe dole ta matse.

Ganga ba za ta yi wannan ba. Ya hau acaɓa zuwa Sabon Gari wurin Amaechi, mai zubin tukwanen alminiyam, wanda aka haifa a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Amaechi ya juya zanen sama da ƙasa.

"Oga Sati, wannan tukunya ce marar gindi."

"Ita nake so. Amma leɓen ya yi kauri, ya kwanta waje."

"Me za ka dafa a ciki?"

"Iska."

Sau uku suna zubawa yana tsagewa. Na huɗu ya fita. Sati ya kwashe sati biyu yana goge cikinsa da samfefa, har ratar ta koma ba ta wuce kaurin ashana biyu ba. Ya tada inji, allura ta wuce huɗu, ta wuce biyar, ta tsaya biyar da kwata. Zoben da ya ɗauka kariya ce kawai, ashe shi ma ja yake yi: iskar da ke zagayo leɓen tana tsotsarsa gaba. Ya yi ta zagaya bishiyar yana tafa hannu shi kaɗai.

Sai dai kukan. Fukafukai takwas a cikin zobe suka riƙa wani irin fito mai tsini da ke shiga haƙori. Lokacin jarrabawa ne. Ɗaliban gidan suka fito da littattafansu a hannu, wata daga cikinsu ta ce, "Oga, don Allah, muna da pepa gobe, kanmu zai fashe." Ya ba su haƙuri ya kashe. Bayan awa ɗaya ya sake kunnawa, wai na minti ɗaya kawai.

Daga nan ya ce in ashana biyu ta ba da wannan, ashana ɗaya fa? Ranar wata Asabar da rana, Susanna na shanya, ya matse ratar ya buɗe wa injin wuta. Fukafuki ɗaya ya ɗan ƙara tsawo saboda tsananin gudu ya taɓa zoben. Ƙara ɗaya aka ji. Guntun ƙarfe ya wuce ta gefen kunnen Susanna ya huda bokitin roba da ke bayanta, wani ya tsaga wa Sati gira.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke tsiyaya daga bokitin, sannan ta ce, "Da Clara ce a nan fa?" Ta ɗauki 'yarta ta tafi gidan yayarta a Wusasa, ta yi kwana tara. Mai gidan da suke haya kuma ya ce ko inji ya fita, ko Sati ya fita.

Da ɗinki biyar a gira ya loda tarkacen a kura ya kai Basawa, don Henry na da fili a bayan gida. Henry ya fito ya dubi zoben, ya dubi ƙanensa.

"Saboda ni kake wannan?"

"Yaya, da akwai wannan a jirgin nan..."

"Hannun ya riga ya tafi, Sati. Ni na yafe wa farfelar tun a asibiti. Kai ne ba ka yafe mata ba." Ya juya zai shiga, sai ya tsaya. "Ajiye can bayan ɗakin girki. Amma ka gina masa katanga, kuma ka je ka ɗauko matarka kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya."

Ya yi duka biyun. Susanna ta dawo bisa sharaɗin ba za a sake kunna komai a Samaru ba.

Wani ɗalibi daga gidansu ne ya kai labarin ga malamarsu ta injiniya, Dokta Ronke. Ta zo Basawa da kanta a 2005, ta tsuguna ta auna leɓen zoben da ratar, ta karanta littafin makaranta da Sati ya cika da lambobi.

"Malam Sati, wa ya koya maka lanƙwasa bakin nan?"

"Hayaƙi, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, sannan ta gaya masa gaskiya. Duk abin da ya gano, masu ƙera jirage sun san shi shekaru da yawa. Zoben yana kare mutane, yana ƙara ja, amma yana da nauyi, yana sa a faɗaɗa wutsiya, kuma ƙaramar farfela mai gudu tana cin ƙarfin inji. Shi ya sa ba kowane jirgi ake yi wa ba. Kukan ma an yi masa magani: ba a jera fukafukan daidai wa daida, ana matso da wasu a nesanta wasu, muddin nauyin ya daidaita, sai fiton ya watse ya zama huci.

Sati ya nemi wuri ya zauna, abin da ba a saba gani ba. Shekara uku, da gira, da kwana taran Susanna, kan abin da yake rubuce a littafi.

"To duk aikin banza na yi ke nan."

"Ɗalibaina sun haddace shi, amma ba wanda ya taɓa jinsa yana jan sikeli. Ka bar ni in kawo su."

Ta riƙa kawo su sau biyu a shekara. Sati ya jera fukafukan a karkace kamar yadda ta faɗa, kukan ya faɗa ƙwarai, har Henry ya daina rufe taga.

Zoben bai taɓa hawa jirgi ba. Amaechi ne ya ga wani amfaninsa. Surukarsa Chinelo na kiwon kaji a hanyar Shika, zafin watan Afrilu yana kashe mata su. Suka dasa zobe biyu a bangon ɗakin kajin, iska ta riƙa ratsawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mutuwar ta ragu sosai. Kafin 2008 masu kaji goma sha ɗaya ne suka sa, Amaechi na zubi, Sati na haɗawa. Mutane suka fara kiransa mai fankar kaji, sunan da bai taɓa so ba.

A zuwanta na ƙarshe Dokta Ronke ta ambata, a kan hanyarta ta shiga mota, cewa farfelar wutsiya dole ta iya turawa hagu da dama, kuma zobe mai leɓe a gefe ɗaya ba ya son iska ta shigo masa ta baya. Ta rufe ƙofa ta tafi.

Washegari da sassafe, kafin Amaechi ya hura wutar maƙerarsa, ya iske Sati a bakin shagon yana kai da kawo, da sabon zane a hannu. Tukunya ce marar gindi, mai leɓe sama da ƙasa.

"Oga Sati, kaji ba sa buƙatar wannan."

"Na sani. Yaushe za ka zuba?"