Gadon Baba Yohanna

Har yau ban manta da safiyar da na buɗe ɗakin manyan fursunoni na tarar da bargon Baba Yohanna a kafaɗar wani ba. A tsakiyar shekarun 1970 ne, ina kofur a wani gidan yari da ke yankinmu na Kafanchan. Aikin kofur shi ne buɗe ɗakuna, ƙirga mutane, da raka su wurin aiki. Saje na sama da ni, Sufeto na sama da shi.

Baba Yohanna mutumin wajen Nok ne, kuma satar akuya ce ta kawo shi, karo na uku. A tsarin wancan lokacin, wanda ya maimaita laifi ana ɗora masa ƙarin shekaru a kan hukuncinsa. Saboda haka ya daɗe har ya fi wasunmu sanin gidan. Shi ke kula da lambun citta, shi ke jan waƙa a sujadar Lahadi, kuma shi ke kwana a gindin taga, inda iska ke shigowa, ana jin kukan jirgin ƙasa.

Fursunoni suna da wata al'ada da suke kira rabon gado. Wanda zai fita yakan raba duk abin da yake da shi, har wurin kwanansa. Abin da aka raba kuma ba ya dawowa. Mu ma'aikata ba ma sa baki, domin al'adar tana rage mana faɗa.

Ashe Baba Yohanna ya yi nasa rabon, har da gindin tagar. Na tambaye shi dalili. Ya ce surukinsa, malamin makaranta a Samaru Kataf, ya zo ziyara ya gaya masa an sauya doka, an cire ƙarin da ake yi wa masu maimaita laifi.

"Kofur, doka ya canja," in ji shi. "In an cire ƙarin, ni na gama nawa tuntuni. Ubangiji ya ji kukana."

Gaskiya ne an sauya, mu ma mun ji. Abin da ban sani ba shi ne ko ta shafi na ciki. Na gaya wa Saje, Saje ya kai ni gaban Sufeto.

Sufeto bai ja zancen ba. Ya ce, "Doka gaba take duba, Kofur. Wanda aka yanke wa hukunci kafin ta, hukuncinsa na nan daram. Sai dai a roƙa masa afuwa, wannan kuma ba a hannunmu take ba. Je ka gaya masa."

Na same shi a lambu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To wanda ya yi irin nawa gobe fa?" Na ce zai samu sauƙi. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da cire ciyawa.

Na so in mayar masa da wurinsa da ƙarfin kaki, ya ƙi. Ya ce shi ya koya wa rabin ɗakin al'adar, ba shi zai karya ta ba. Ya koma kusa da bokitin bahaya, inda sabon shiga ke kwana. Abin ya ba ni tausayi, amma ba ni da abin yi.

Ba a jima ba aka kawo wani mai suna Bulus, satar akuya, shi ma karo na uku, da ɗan gajeren hukunci na sabon tsari. Aka shimfiɗa masa kusa da Baba Yohanna. Na zaci za a yi gaba, sai na ga tsohon yana koya masa dashen citta. Da mai gindin taga ya tashi fita, sai ya bar wa Bulus wurin, don mutumin garinsu ne.

Afuwar da aka roƙa ba ta zo ba. Wa'adin Bulus kuwa ya cika. Ina tsaye a bakin ƙofa ya yi nasa rabon: cokali ga wannan, sabulu ga wancan. Da ya zo kan taga ya ce, "Baba, wurinka."

Baba Yohanna ya ɗauki tabarmarsa ya koma. Ya ce, "Na gode, ɗana. Kada ka dawo, ka ji? Ba ka san wane doka za ka tarar ba."

Na raka Bulus har waje, na dawo na kulle ɗakin.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, duk ranar da kuka ji an sauya doka, ku riga masu ziyara shiga ɗakuna, ku faɗi wanda ta shafa da wanda ba ta shafa ba. Baba Yohanna ya cika shekarunsa cif, a gindin tagar nan.