Bututun Damina na Ƙanena Ishaya

Ina tsaye a bakin allo a makarantarmu ta Muchia, ruwa na dukan kwanon rufi har yaran ba sa jin abin da nake faɗa, sai wayata ta yi ƙara. Lambar Ladi ce, 'yar ƙanena Ishaya, amma muryar wani namiji na ji.

"Mama, ke ce gwaggon yarinyar nan? Ni ɗan acaɓa ne. Ki zo Palladan wajen kwalbati, motarsu ta mutu cikin ruwa, babanta ba lafiya."

Na ce ya ba ta wayar. Sai ya ce, "Mama, ba ta magana fa."

Ban san yadda na isa wurin ba. Na tarar da motar ruwa ya kai mata bamba, samari sun naɗe wando suna turawa. Ishaya na kujerar gaba, kansa ya jingina da gilashi kamar mai gyangyaɗi a coci. Ladi na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana murɗa makulli, injin ba ya cewa komai sai ƙas, ƙas. Wani dattijo da ke tsaye ƙarƙashin lema ya dube ni ya girgiza kai. Ƙanena ya riga ya cika, 'yarsa kuwa ba ta daina murɗa makullin ba sai da na ɓamɓare yatsunta.

Ni na goyi Ishaya, don haka ina da ikon faɗin halinsa yadda yake. Malamin koyar da aikin hannu ne a wata sakandare a Samaru, kuma tun yana yaro bai taɓa ganin abu a rufe ya bar shi a rufe ba. Rediyon babanmu ya fara kwancewa, ya sha duka, washegari ya kwance agogo. Da ya girma sai wannan ƙaiƙayin hannun ya zama alheri ga unguwa. Injin markaɗen matar maƙwabci, keken ɗinkin matan zumunta, janaretan coci, duk a tsakar gidansa suke kwana. In aka kawo masa abu ba ya tambayar me ya same shi, sai ya kara kunne ya ce, "Bari mu ji me zai ce." In aka tambaye shi yaushe za a zo ɗauka, amsarsa ɗaya ce ko da ya baje kayan cikin a tabarma: "Saura kaɗan." Da matarsa ta rasu ta bar masa Ladi tana rarrafe, shi ya koyi kitso da kansa. Kitson bai taɓa yin kyau ba, amma bai bari ta je makaranta da kai a tsefe ba.

Motar kuwa, wani Ba'amurke malamin jami'a ne ya tafi ya bar ta ƙarƙashin darbejiya, Ishaya ya same ta a gwanjo. Ƙofa biyu, dogon bonet kamar gadon asibiti, silinda takwas, ga shan mai ba tausayi. In ya tashe ta tagogin layin sai sun amsa, shi ya sa yaran Samaru suka sa mata suna Aradu. Ni ban taɓa ɓoye masa ba, na tsani motar nan. Duk lokacin da aka shiga wahalar mai sai na ce, "Ishaya, sayar da jarabar nan ka sayi babur kamar mutanen kirki." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba laifinta ba ne, iska ce ba ta isar ta."

Maganar iskar nan ita ta cinye masa shekarunsa na ƙarshe. Ya karanta a tsofaffin mujallun da yake tsinta wajen masu sayar da littattafai a ƙasa cewa injin ya fi ƙarfi in ya shaƙi iska mai sanyi, alhali matatar da ke kan kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, iskar cikin bonet take ja, mai zafi kamar ta bakin murhu. Sai ya cire matatar. Ya je kasuwar Sabon Gari ya sayo ƙaton bututun roba irin na masu aikin famfo, ya gasa shi a kan risho yana lanƙwasawa a hankali, ya zura shi ƙasa har bayan bamba, ya ɗaura matata a bakinsa. Murfin da zai haɗa bututun da kafireto ne ya gagara samuwa. Ran nan na nemi tukunyata ta dalma da nake dafa shinkafar Kirsimeti na rasa. Ashe ya kai wa maƙeri an huda ta. Da na zo ina faɗa, ya buɗe bonet ya nuna mini ita zaune a kan injin, ya ce, "Yaya, dubi inda tukunyarki ta samu girma." Ladi na gefensa da sifana, hannunta baƙi ƙirin, tana dariya har da riƙe ciki. Ita ce ta ɗaure kilif ɗin ƙarshe da ke matse bututun, don tun tana ƙarama ya koya mata aikin.

Ina so masu cewa ƙanena bai san abin da yake yi ba su saurara. Ya san bakin bututun yana kusa da ƙasa, ya kuma san hanyar Samaru zuwa Sabon Gari in ruwa ya sauka. Saboda haka bututu biyu ya yi: dogo na rani, da gajere na damina wanda bakinsa ke sama kusa da gilashi. Duk shekara, ranar da manoman Bomo suka fito da garma bayan ruwan farko, shi ma ranar yake cire dogon ya sa gajeren. Yakan ce, "Su su yi shuka, ni in ɗaga wa Aradu hanci."

Bana ciwon zuciya ya kwantar da shi tun wajen Ista. Ƙafafunsa suka kumbura, in ya sunkuya sai jiri ya ɗebe shi. Ruwan farko ya sauka, manoma suka fita, bututun damina na rataye a ƙusa. Ya ce ranar Asabar zai canja, kuma bai yarda wani ya taɓa ba. Ladi na makaranta tana jarrabawa, sai da safen ranar da ya rasu ta dawo gida. Da ciwon ya tashi ta ɗora shi a mota za ta kai shi wurin likitansa a Sabon Gari, ba ta san dogon bututun ne a jiki ba. Ta shiga ruwan Palladan kamar yadda ta sha ganin ubanta yana shiga. Injin ya zuƙi ruwa ya tsaya cak.

Likitan da kansa ya zo gaisuwa, ya ce ko da sun iso da wuya a ceto shi. Ladi ba ta ji ba. Magana ɗaya ta faɗa a makabarta, "Da na buɗe bonet," daga nan ta shiga ɗakin babanta ta sa sakata. Fasto ya zo ya yi magana ta bakin ƙofa. Matan zumunta suka yi waƙa a tsakar gida har muryoyinsu suka dushe. Ƙawayenta na jami'a suka zo suka koma. Tuwon da na ajiye mata da yamma shi nake ɗauka da safe. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na durƙusa a bakin ƙofar ina kuka kamar ba ni ce babba ba. Na binne ƙanena, ga shi ina kallon 'yarsa tana bin sa a hankali, kuma ba ni da abin yi. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Ana cikin haka wasu dangi suka kawo 'yan gwangwan su ɗauke motar da aka jawo gida, wai ita ta ci shi, barin ta a gidan ba alheri. Ni da na yi shekaru ina cewa a sayar, ni na tsaya a bakin ƙofa na ce duk wanda ya taɓa ta sai ya fara taka ni. Wani tsohon bakanike abokin Ishaya ya ja ni gefe ya ce, "Malama, in kuna son ta, a cire filogi a fitar da ruwan. In ya daɗe a ciki tsatsa za ta kama injin, shi ke nan." Ya ce zai aiko yaransa. Na ce ya bari tukuna.

Da gari ya waye na ɗaure zane, na jawo akwatin kayan aikin Ishaya. Motar na daidai tagar ɗakin da Ladi take. Ba dabara na shirya ba, na dai rasa inda zan sa kaina ne. Ban san kamannin filogi ba. Na buɗe bonet da ƙyar, na ga tukunyata, na fashe da kuka, sannan na kama wasu wayoyi masu kauri na fara fizge su gaba ɗaya. Sifana ta suɓuce ta faɗa cikin injin, na sa wata ina ƙwanƙwasa. Sai na ji ƙarar sakata.

"Gwaggo! Duka kika cire? Kowace waya da gurbinta fa!"

Tana tsaye riƙe da bango, ta rame har rigar babanta da ke jikinta na lilo. Na ce, "To ni na sani ne? Uban naki ya koya mini?"

"Matsa. Ba da wannan ake kwance filogi ba, za ki karya."

Na matsa. Ta cire filogin ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a kan tsumma yadda yake jerawa. Aka aro batir, ta murɗa makulli, ruwa mai laka ya yi tsiri daga ramukan filogin ya jiƙe ni sharkaf. Ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da ta ɗago ta ce ko akwai sauran kunu.

Har yanzu da nake rubutun nan Aradu ba ta tashi ba. Ladi ta ce wataƙila wani ƙarfe ya lanƙwashe a ciki, sai an sauke injin. Wasu ranakun tana komawa ɗaki ta sa sakata, ni kuma in kasa zama in kasa tsayuwa. Amma jiya ta sauke bututun damina daga ƙusa ta goge shi. Na tambaye ta yaushe za a gama, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Saura kaɗan, Gwaggo."

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Ishaya, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutu a wurinka, shi da bai taɓa hutar da hannunsa ba. Ka saka wa samarin Palladan da suka shiga ruwa domin mutumin da ba su sani ba. Ka ba danginmu haƙuri, ka tsare bakinmu daga maganar da za ta ƙara wa marainiya nauyi. Ladi kuwa, ita kaɗai ya bar mana. Ko motar ta tashi ko ba ta tashi ba, ina roƙon ka, ka bar mini yarinyar nan. Amin.